Ƙarfe mai tuna siffarsa ko boris da giris ɗin da aka saba: wanne ya fi maganin gogayya da cinyewa?

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar Nitinol a hannunsa ba ya mantawa. Ka lanƙwasa ta ka murɗe ta son ranka har ta koma kamar tsutsa, ka jefa ta a kofin ruwan zafi, kafin ka ƙifta ido ta miƙe sak ta koma yadda aka ƙera ta tun farko. Daga nan ne tunani ke zuwa wa mutum, yo idan ƙarfe zai iya gyara kansa haka me zai hana a yi boris da shi, wato zoben nan mai ƙwallaye da shaf ke juyawa a ciki, ko giya, ko farfelar famfo, inji ya daina cinyewa kowa ya huta? Tunanin ba shirme ba ne fa, manyan ɗakunan bincike sun yi shekaru a kansa, sai dai maganar tana da gaɓoɓi, kuma na lura masu sha'awar abin da yawa suna cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

Gogayya daban, cinyewa daban. Gogayya ita ce turjiyar da fuska biyu ke yi wa juna idan ɗaya na zamewa kan ɗaya, ita ke kawo zafi da shan wuta ko shan mai. Cinyewa kuwa ita ce naman ƙarfen ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan har abin ya yi lako-lako. Kana iya samun ƙarfen da ba ya cinyewa amma yana da gogayya sosai, kuma Nitinol kusan haka yake, ka riƙe wannan don duk zaɓin da za ka yi a kansa ya rataya.

Shi dai Nitinol haɗin nikel da titaniyom ne, William Buehler ne ya gano shi a 1959 a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka mai suna Naval Ordnance Laboratory a jihar Maryland, sunan ma daga nan ya fito, Ni na nikel, Ti na titaniyom, NOL na ɗakin binciken. Sirrinsa shi ne ƙwayoyin cikinsa suna da tsarin zama iri biyu, na sanyi da ake kira matensait, da na zafi da ake kira ostenait, kuma yana iya sauyawa daga wannan zuwa wancan ya dawo ba tare da ya karye ba. Idan zafi ne ya dawo da shi, wannan shi ne tuna siffa. Idan kuwa da kansa ya dawo da zarar ka sake shi kamar roba, wannan wata baiwa ce ta biyu, kuma ita ce ta fi amfani a maganar cinyewa. Waya mai kyau za ta iya miƙewa wajen kashi 8 cikin 100 na tsawonta ta dawo, ƙarfe na yau da kullum kuwa bai kai kashi 1 ba zai lanƙwashe har abada.

Abubuwan da zan auna kowane zaɓi da su

Na farko gogayya, a bushe da kuma cikin mai. Na biyu tauri, don tun 1953 lissafin wani masani mai suna Archard ya nuna cewa in dai komai daidai yake, ƙarfen da ya fi tauri ya fi jinkirin cinyewa. Na uku jure duka, wato idan abin ya faɗi ko aka buga shi ko ya sha jijjiga yana tsaye, zai lotsa ko zai dawo. Na huɗu tsatsa. Sai zafi, sai sauƙin ƙerawa da samu a kasuwa, sai kuɗi, sai kuma kasadar da ke ciki idan lissafi ya kuskure.

Na ukun nan shi mutane suka fi rainawa. Ka taɓa warware boris ɗin da ke kuka ka wanke shi tas ka ɗaga zoben a haske? Wani lokaci ba za ka ga tsatsa ba ba za ka ga ƙuna ba, sai ƙananan ramuka a jere, tazarar da ke tsakaninsu daidai da tazarar ƙwallayen. Wannan ba aikin juyawa ba ne, duka ɗaya ne ya yi shi, ko guduma wajen sakawa ko faɗuwa wajen ɗauko inji, ƙwallayen suka nutse cikin zoben suka bar sawu, daga ranar kuma duk zagaye sai ƙwallo ya faɗa rami ya fito har boris ɗin ya mutu. Tauri kaɗai ba ya hana wannan, abin da ke hanawa shi ne ƙarfe ya zama mai tauri kuma mai iya lotsawa ya dawo, shi ya sa masana yanzu suke duba tauri a gefe ɗaya da ƙin lanƙwasuwa a ɗaya gefen, su auna yawan taurin idan aka kwatanta shi da ƙin lanƙwasuwar.

Ƙarfen boris na asali, 52100 da 440C

Da shi zan fara don shi ne abin da kowane sabon abu sai ya kayar kafin a saurare shi. 52100, wanda a Turai ake kira 100Cr6, yana da kabon wajen kashi 1 da kuromiyom wajen kashi 1.5, idan aka ba shi wuta da ruwa yadda ya kamata taurinsa na wuce 60 a ma'aunin Rockwell C. A bushe gogayyar ƙarfe da ƙarfe tana kai 0.5 ko sama a ma'aunin gogayya, ka sa mai ta sauko wajen 0.1, idan kuma ƙwallo ne ke mirginawa cikin boris mai lafiya ana maganar 0.001 zuwa 0.002 ne. Ka ga kenan mai da mirginawa su ne suka yi aikin rage gogayya, ba wani sihiri a jikin ƙarfen ba.

Araha, ko'ina akwai, kowane girma akwai, kuma an yi shekara da shekaru ana tara bayanai a kansa har kana iya buɗe katalog ka lissafa awa nawa zai yi kafin ya gaji. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Aibinsa tsatsa, ruwa ya shiga giris shi ke nan. 440C shi ne ɗan'uwansa mai kuromiyom kashi 16 zuwa 18, yana jure laima da ruwan yau da kullum, taurinsa wajen 58 zuwa 60, amma ruwan gishiri ko asid suna cinsa a hankali. Dukansu biyun maganaɗisu na kama su, dukansu kuma suna lotsawa idan duka ya yi yawa.

Nitinol na gama-gari, mai nikel kashi 55

Wannan shi ne na wayar da muka jefa a ruwan zafi, shi ne na firam ɗin tabarau da ba ya karyewa da wayar gyaran haƙori da ragar da likitoci ke sakawa cikin jijiyar jini. Taurinsa bai kai na ƙarfen boris ba ko kusa, amma abin mamaki a gwaje-gwaje da yawa yana jure cinyewa fiye da yadda taurinsa ya nuna, dalili kuwa idan ƙwayar yashi ko tsinin ɗaya fuskar ya danne shi sai ya lotsa ya ba da wuri, nauyin ya bazu a fili mai faɗi, abin ya wuce ya dawo daidai, maimakon ya tsage ko ya gutsure.

Gogayya fa? A nan ne za ka ji kunya idan ka saya da wannan niyyar. Likitocin haƙori sun fi kowa sanin haka, tun farkon shekarun 1970 da George Andreasen na Jami'ar Iowa ya shigo da wayar Nitinol cikin aikin daidaita haƙora suke amfani da ita don tana turawa a hankali ba ta gajiya, amma idan aka zo matakin da ake so haƙori ya zame a kan waya sai su koma wayar ƙarfe mara tsatsa, don ta Nitinol ta fi kaushi ta fi riƙewa. Ƙarfen da likita ke cirewa saboda gogayya ba shi za ka saka a inji a bushe ka ce ka rage gogayya ba.

Inda ya yi zarra shi ne zaizayar kumfa. Ka san famfon da ke ƙara kamar an zuba masa tsakuwa alhali ruwa ne zalla a ciki? Ƙananan kumfa ne ke tashi inda matsin ruwa ya faɗi, su zo su fashe a jikin farfela da ƙarfin gaske, sau miliyoyi, ka buɗe bayan watanni ka tarar da bayan farfelar ya zama kamar saƙar zuma. Irin wannan dukan ƙanana mai maimaituwa shi ne abincin Nitinol, yana shanye shi ya dawo. Matsalar ita ce yadda za ka manna shi a jikin farfelar, don walda tsakanin Nitinol da baƙin ƙarfe tana haifar da wani haɗi na ƙarfe da titaniyom mai gautsi kamar gilashi, sai an bi ta wasu hanyoyi masu wahala irin su fesawa da zafi ko leza ko mannawa da ƙarfin fashewar nakiya, kuma kowacce cikinsu na iya taɓa ma'aunin haɗin.

Ma'aunin haɗin kuwa ba wasa ba ne. Ka ƙara ko ka rage nikel da kashi 0.1 cikin 100 na ƙwayoyin, zafin da ƙarfen ke sauya tsari zai gusa da wajen digiri 10. Wato abin da ke aiki kamar roba a ɗaki yana iya zama laushi ya ƙi dawowa cikin sanyi, idan kuma gogayya ta ɗumama shi ya wuce iyakarsa baiwar ta tafi ya koma ƙarfe kawai. Narka shi sai a tukunyar da aka zuƙe wa iska don titaniyom na shan iskar oksijin kamar me, yanka shi kuma yana cinye bakin wuƙar inji, yawanci sai dai a goge da dutse ko a yanka da tartsatsin lantarki. Duk wannan kuɗi ne.

60NiTi, wanda aka yi don boris

Idan akwai wanda ya cancanci a tsaya a kansa to wannan ne. Nikel kashi 60, titaniyom kashi 40 a nauyi. Tun zamanin Buehler an san shi amma aka ajiye don wuyar sarrafawa, sai a shekarun 2000 cibiyar Glenn ta NASA da ke Cleveland a Ohio ta dawo da shi, Christopher DellaCorte na kan gaba, kamfanin Abbott Ball kuma ya ƙera ƙwallayen daga garin ƙarfe da aka matse da zafi. Shi wannan idan aka ba shi wuta taurinsa na kai 56 zuwa 62 Rockwell C, ka ga ya shiga sahun ƙarfen boris, amma ƙin lanƙwasuwarsa wajen gigafaskal 95 ne kacal, na ƙarfe kuwa ya haura 200. Ga tauri ga taushin baya kenan, irin haɗin da muka ce shi ke hana lotsewa. Ba ya tsatsa, maganaɗisu ba ya kama shi, lantarki na bi ta cikinsa, nauyinsa giram 6.7 a kowane santimita kubik inda ƙarfe ke da 7.8.

Wani abin da ya ba masu binciken mamaki, sauran haɗe-haɗen titaniyom ba sa shiri da mai, suna kama ɗaya fuskar su yage ta ko da an shafa, amma 60NiTi yana karɓar mai da giris lafiya lau kamar ƙarfe. Ka lura da kyau, kamar ƙarfe na ce, ba fiye da ƙarfe ba. Gogayyarsa cikin mai kusan ɗaya ce da ta boris ɗin da ka saba, a bushe kuma shi ma wahala zai sha. Kuma abin dariya, a yanayin da ake amfani da shi ba ya ma tuna siffa, an gyara shi ne ya tsaya cak a tsari ɗaya don ba wanda ke son boris mai canza girma da zafi.

Misalin da ya fi nuna inda ya dace shi ne injin da ke tace fitsari ya koma ruwan sha a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Boris ɗin wurin yana zaune cikin laima mai asid, kafin ya isa can kuma sai ya sha jijjigar harba roka, ga shi ba gudu yake yi sosai ba ba kuma nauyi mai yawa yake ɗauka ba. Tsatsa da duka a wuri ɗaya. NASA ta ƙera boris ɗin 60NiTi ta gwada shi don wannan aikin.

To ina gizo ke saƙar? Wajen gajiya. Boris mai gudu dare da rana ƙarƙashin nauyi mai yawa a ƙarshe fuskarsa ɓarewa take, kuma a nan ƙarfen boris mai tsabta ya fi 60NiTi juriya har yanzu, don ƙananan datti da ramukan da ke cikin haɗin su ne mafarin tsagewa. Ba shi ruwa ma sai da dabara, dole a sanyaya shi da sauri kafin ya yi tauri kuma saurin na iya tsaga shi ko ya karkatar da shi, shi ya sa daga baya aka ƙara masa ɗan wani ƙarfe mai suna hafniyom, wajen kashi 1 na ƙwayoyin, don ya yi tauri ba tare da wannan tsomawar mai haɗari ba. Taushin bayansa kuma aibi ne a injin da ke bukatar shaf ya tsaya ƙyam ba motsi, kamar injin yankan ƙarfe mai aikin daidaito. Kuɗi kam ba a magana, ninkin ba ninkin ne, masu yinsa ƙalilan, girman da kake so sai dai a ƙera maka ka jira. Ga nikel kuma, akwai mutanen da fatarsu ba ta shiri da shi, duk da cewa fatar titaniyom oksaid da ke samansa tana tare mafi yawa.

Siramik, wato silikon naitiraid

Ƙwallayen siramik cikin zoben ƙarfe. Nauyinsu giram 3.2 ne a kowane santimita kubik, bai kai rabin na ƙarfe ba, sun fi kowane ƙarfen boris tauri nesa, ba sa tsatsa, ba sa kama ƙarfe ko da mai ya yi ƙaranci, suna jure zafin da ƙarfe ba zai jure ba. Idan gudu ne matsalarka nan za ka zo. Lantarki ba ya bi ta cikinsu, shi ya sa ake sa su a motocin lantarki da janaretocin iska inda wuta ke ɓallewa ta bi ta boris ta ƙona shi. Sai dai ƙin lanƙwasuwarsu ya haura gigafaskal 300, ba sa ba da wuri ko kaɗan, saboda haka idan duka ya zo duk ƙarfin a ɗigo ɗaya yake sauka, zoben ƙarfen ne zai lotsa, ya ma fi saurin lotsawa fiye da in da ƙwallon ƙarfe ne. Kishiyar 60NiTi kenan sak. Sun fi ƙarfe tsada amma suna nan a katalog.

Shafen DLC

In dai da gaske gogayya kake so ka rage a bushe, wannan ne ya amsa sunansa. Kabon ne mai kama da lu'ulu'u ake shafawa a tukunyar da babu iska, kaurinsa maikiron 1 zuwa 4, gashin kai ya ninka shi sau da yawa, gogayyarsa da ƙarfe kan sauko wajen 0.1 zuwa 0.2, wani lokaci ƙasa da haka. Ana sa shi a kayan cikin injin mota kamar fil ɗin fistin da sassan nozul ɗin dizal. Rauninsa biyu, zafi ya wuce digiri 300 zuwa 350 ya fara lalacewa, sannan ɓawon ƙwai ne, idan ƙarfen da ke ƙarƙashi ya lotsa shafen fashewa zai yi ya ɓare, ɓarɓashin kuma ya zama yashi a cikin inji.

A nan ne ma wasu masu bincike suka kawo dabarar da ta fi burge ni, a shimfiɗa siririn Nitinol a tsakiya, shafe mai tauri a sama, don Nitinol ɗin ya zama katifa ya shanye dukan. Akwai kuma gwajin fuskar da ake dannawa ƙananan ramuka a goge ta sumul, idan ta ɗumama tsarin ya fito idan ta huce ya ɓace, da nufin a riƙa sauya gogayya ko riƙon mai yadda ake so. Abin sha'awa ne ƙwarai amma har yanzu aikin ɗakin bincike ne, kar ka gina lissafin injinka a kansa.

Stellite

Haɗin kobalt da kuromiyom ne da Elwood Haynes ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1900. Ana ɗora shi da walda a kan mazaunin bawul da gefen farfela, yana riƙe taurinsa cikin zafi, yana jure tsatsa da zaizayar kumfa, kuma mai walda da ya san aikinsa zai iya gyara shi a wurin da injin yake. Kobalt na da tsada, goge shi akwai wuya, nauyi ne da shi. Shi ne babban abokin hamayyar Nitinol a famfo da bawul, kuma yawanci shi ke cin kasuwar don an san hannunsa.

| Zaɓi | Gogayya a bushe | Jure duka | Tsatsa | Samu da ƙerawa | Kuɗi | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 52100 | Mai yawa, sai da mai | Matsakaici | Yana yi da sauri | Ko'ina | Mafi araha | Ruwa a giris |
| 440C | Mai yawa, sai da mai | Matsakaici | Yana jure laima | Sauƙi | Araha | Gishiri da asid |
| Nitinol 55 | Mai yawa | Sosai | Ba ya yi | Wuya | Tsada | Zafi ya gusa, baiwar ta tafi |
| 60NiTi | Mai yawa, sai da mai | Mafi kyau | Ba ya yi | Wuya ƙwarai | Mafi tsada | Gajiya da nauyi mai yawa |
| Siramik | Da dama-dama | Rauni | Ƙwallon ba ya yi | Akwai a katalog | Tsada | Lotsa zoben ƙarfe |
| DLC | Mafi ƙanƙanta | Ya danganta da ƙarfen ƙasa | Yana taimakawa | Sai an aika masu shafawa | Matsakaici | Ɓarewa da zafi |
| Stellite | Matsakaici | Mai kyau | Yana jurewa | Walda | Tsada | Tsagewa wajen walda |

To wa zai ɗauki wanne

Idan injinka na zaune a busasshen wuri yana juyawa da nauyi na yau da kullum, ɗan'uwa ka tsaya kan 52100, kuɗin da za ka kai wa Nitinol ka sayi sil mai kyau da giris ɗin da ya dace, ka kuma hana yara saka boris da guduma, yawancin mutuwar boris daga datti da ƙarancin mai da mugun sakawa take. Laima ce kawai ko wanki da ruwa, 440C ya isa.

Mai fama da gudu mai yawa ko wutar da ke ƙona boris ɗin mota mai lantarki, siramik. Mai sassan da ke zamewa kan juna inda mai ba ya isa ko ba a yarda a sa shi ba, DLC, amma ka tabbata ƙarfen ƙasan ya yi tauri tukuna kuma zafin wurin bai kai 300 ba. Mai famfo ko bawul da kumfa ke ci, ka fara duba dalilin kumfar a bututun shiga, in ya gagara ka ɗora Stellite, Nitinol 55 ka bar shi sai idan ƙaramin sashe ne da za a ƙera gaba ɗayansa da shi, zafin wurin kuma ba ya hawa da sauka sosai.

60NiTi kuma ka kira masu yinsa ne idan abu uku sun haɗu maka, ruwan gishiri ko asid da ke cinye 440C, duka ko jijjigar da ke lotsa zobe, sannan wurin da canza boris ɗin ya fi boris ɗin kansa tsada, kamar na'urar da ke ƙarƙashin teku ko a sararin samaniya, ko kusa da na'urar da ba ta son maganaɗisu. Ko a nan ɗin ma ka nemi mai hafniyom, ka tambaye su sakamakon gwajin gajiya a daidai nauyin da naka zai ɗauka, ka kuma tanadi giris ɗinsa.